Agogo a Hannun Dama

"Inna, don Allah ki ce wani abu. Shirun nan naki ya fi faɗan Yaya yi mini ciwo."

Auta ce durƙushe a gaban gadon mahaifiyarta, ko kayan aikinta na asibiti ba ta cire ba. Hawaye sun jiƙa gaban farar rigarta.

Inna ta ci gaba da ninke wanki, ba ta ɗago ba.

"Me zan ce, Auta? Shekararki ashirin da bakwai, ke nas ce mai aikinki, ba mai ɗaure ki ya kai ki ɗakin wani. Yayanku dai ya ce ranar Asabar iyayen abokinsa Injiniya za su zo a yi magana. Ni ba ni da bakin korar baƙo."

"Amma kin san wanda nake so."

"Na sani. Mahaifinki ma ya sani, ya kuma ce a'a tun yana kan ƙafafunsa. Yanzu da ciwo ya zaunar da shi za ki koma masa da zancen? Ke da kike auna jininsa safe da yamma?"

Auta ta kifa kanta a gefen katifa, kuka ya ci ƙarfinta. Inda gizo ke saƙar ke nan. Ba ta tsoron Yaya, ba ta kuma ƙin Injiniya don wani aibu. Amma ba za ta shiga gidan kowa ba tare da albarkar Baba ba, ba kuma za ta zama sanadin tashin ciwonsa ba.

Baba shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago da bai fi zaman mutum biyu ba. Mutum ne mai ra'ayi, in ya kafe ko jaki ya sara masa. Ya kan ce fuska tana ƙarya, amma wuyan hannu ba ya yi.

Wata huɗu da suka wuce, Dogo kafinta, wanda suka shekara biyu suna son juna da Auta, ya zo gaishe shi. Ya durƙusa, ya miƙa hannu cikin ladabi. Baba ya dubi hannun, ya ga tsohon agogo ɗaure a dama. Bai ce komai ba sai da baƙon ya tafi.

"Agogo a hagu ake ɗaura shi," ya ce. "Duk wanda kika ga ya kai shi dama, so yake in ya miƙa hannu a ga abin da ya mallaka. Mai son a gani ba ya riƙon mace. Ranar da ta daina ƙyalli zai cire ta ya ajiye."

Auta ta buɗe baki za ta yi bayani, Baba ya ɗaga hannu. A gidan nan kuwa in Baba ya ɗaga hannu, magana ta mutu.

Mako biyu bayan haka ya faɗi a shago, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Tun daga ranar yake zaune a kujerar falo kusa da taga. Ƙafar ta soma dawowa kaɗan kaɗan, amma hannun hagu yana nan kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Duk da haka kowace safiya sai Auta ta wana tsohon agogonsa ta ɗaura masa a wannan hannun, don ya ce nan ne mazauninsa. Ba ya iya ɗaga shi ya duba. Mutumin da layi guda ke saita agogo da nasa, shi ne yau yake wuni yana tambaya, "Ƙarfe nawa?"

Washegarin ranar da Auta ta yi wa Inna kuka, da la'asar, Yaya ya shigo tare da Injiniya. Ƙamshin turaren Injiniya ya riga shi shiga falon. Kyakkyawan mutum ne mai fara'a, mai hannun kyauta. Ya gaida Inna, ya zauna kusa da Baba, ya buɗe wani ɗan akwati.

"Baba, na ji an ce kai ne sarkin agogo. Na ce wannan tsohon ya huta haka nan."

Sabon agogo ne mai ruwan zinariya, mai kauri, yana ɗaukar ido. Kafin kowa ya yi magana ya kwance tsohon, ya ɗaura sabon a hannun da ya shanye, ya matse maƙallin har ya yi ƙara.

"Ɗaga ka gani, Baba! Ɗaga ka ga yadda ya karɓe ka!"



Baba ya dubi hannun. Jijiyar wuyansa ta tashi, ya yi yunƙuri, hannun bai motsa ba. Ya juya fuskarsa wajen taga.

"An gode," ya ce da muryarsa da ciwo ya sa ta yi nauyi.

Yaya ya yi dariyar rufe kunya ya kawo wani zance. Auta, da ke tsaye da tiren ruwa, ta juya kicin da sauri don kada a ga idonta.

Baba ya hana a cire agogon, wai kada a ce ya raina kyauta. Da shi ya kwana. Da safe Auta ta zo goge masa jiki, ta tarar hannun ya kumbura, ƙarfen ya nutse cikin fata ya yanke ta, jini ya bushe a kewaye. Shi kuwa ko ji bai yi ba.

"Me ya faru?" ya tambaya da ya ga tana kuka.

"Ba komai, Baba. Ɗan ƙurji ne."

Ta wanke ciwon, ta naɗe shi da bandeji. Ranar, karo na farko cikin shekara arba'in, Baba ya wuni ba agogo a jikinsa. Bai tambayi kowa lokaci ba. Abincin rana ma kai kawai ya girgiza.

Da Auta ta tashi daga aiki ba ta yi gida ba, shagon Dogo ta nufa. Ta same shi sunkuye yana goge ƙafar tebur, garin katako ya yi masa fari a gashin ido. Yana ganin fuskarta ya ajiye abin hannunsa, ya jawo mata benci ya share da hularsa.

"Wa ya taɓa ki?"

"Na zo in ce ka haƙura da ni ne, Dogo." Muryarta ta karye. "Asabar za su zo. Na rasa ta inda zan ɓullo. In na ce a'a, Yaya zai tayar da gidan, Baba kuma jininsa ba zai ɗauka ba. In na ce e, na kashe kaina da hannuna. Ka bar ni in je in faɗa masa gaskiyar dalilin agogonka, ko sau ɗaya!"

"A'a."

"Don me? Wata huɗu kana hana ni!"

"Don mutum ne da ya rasa hannunsa da shagonsa a rana guda. Abin da ya rage masa shi ne maganarsa. Kina so ki je ki ce masa ita ma ba daidai ba ce? Ba zan samu mata ta hanyar karya tsoho ba, Auta."

"To ni ka yarda a karya ni?"

Idanunsa suka kaɗa. Ya ɗauki wani guntun katako yana jujjuyawa a hannu.

"Wallahi tun ranar da aka ce mini a'a ban yi barcin kirki ba. Rannan kujera na haɗa mai ƙafa uku, sai da mai ita ya nuna mini. Ba na son kowa sai ke, kin sani. Amma son da zai raba ki da ubanki, ba so ba ne, ƙwace ne."

Ta rufe fuska da mayafi tana shessheƙa. Cikin kukan ta ba shi labarin agogon zinariya da ciwon, da yadda Baba ya kusa faɗuwa shekaranjiya a hanyar banɗaki don ba abin da zai dafa.

Dogo ya ɗago da sauri.

"Taku nawa ne daga kujerarsa zuwa banɗakin? Bangon siminti ne?"

"Ina maka zancen rayuwata kana tambayata bango?"

"Ki roƙar mini Inna. Gobe zan zo in kafa masa abin dafawa a bangon. Ba mai neman aure zai zo ba, kafinta zai zo. In na gama in ɗauki kayana in fita. Ko wa kika aura, tsohon nan yana bukatar abin da zai riƙe."

Auta ta tsaya tana kallonsa ta cikin hawaye. Ta zo ne ta rabu da shi, sai ga shi ya ƙara shiga ranta fiye da kullum.

Da aka gaya wa Inna, ta ce, "Aikin lada ba a hana shi. Ya zo da hantsi, lokacin yayanku yana ofis."

Da hantsi Dogo ya yi sallama, dogayen katakai biyu a kafaɗarsa, ya goge su sumul har suna sheƙi. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba ya amsa a taƙaice, ya kau da kai.

Dogo ya fara aiki. Ya auna tsayin ƙugun Baba da ido daga nesa, ya ja layi a bango. Auta, da ta ɗauki hutun yini, tana leƙe daga ƙofar kicin.

Ta ga Baba ya dawo da kansa a hankali. Mai sana'a ba ya iya kau da ido daga mai sana'a. Ya kalli yadda Dogo ke shafa katakon da tafin hannu yana neman inda zai soki fata, da yadda ya zagaye ƙarshensa don kada ya kama riga. Sai idonsa ya tsaya a kan gudumar.

A hagu take.

Dogo ya buga ƙusa ɗaya, biyu, uku, duk da hagu, ba kuskure.

"Kai," in ji Baba. "Bahago ne kai?"

Dogo ya ajiye gudumar ya juyo. "E, Baba."

"Amma da dama ka ba ni hannu."

"An koya mini gaisuwa da ci da dama tun ina ƙarami. Aiki ne dai ya ƙi, sai hagu."

Baba ya dubi agogon da ke hannun Dogo na dama. Can ya miƙa hannunsa mai lafiya.

"Ba ni agogon nan."

Dogo ya kwance ya miƙa da hannu biyu. Baba ya juya shi, ya dubi bayansa, ya kara a kunne ya lumshe ido. Ya daɗe yana saurare.

"Wannan ya girme ka."

"Na mahaifina ne, Allah ya jiƙansa. Ranar da ya ba ni ya ce irin wannan ba ya son girgiza. Ya ce in nisanta shi da hannun guduma. Shi ya sa yake dama."

"Sau nawa aka buɗe shi?"

"Sau biyu, don a sa masa mai."

"Biyu." Baba ya jinjina kai. "Na gyara irinsa sun fi ɗari. Masu su sun kashe su da wasa cikin shekara biyar. Wannan kuwa bugunsa kamar zuciyar jariri." Ya buɗe ido ya dubi Dogo sosai. "Ka san abin da na faɗa a kanka?"

"Na ji, Baba."

"Me ya hana ka zuwa ka ƙaryata ni?"

"Ba ƙarya ka yi ba. Akwai masu yi don a gani. Ni dai ban faɗo cikinsu ba."

Auta ta toshe bakinta da hannu. Ta ji Inna ta zo ta tsaya a bayanta.

"Rashin sani ya fi dare duhu," Baba ya faɗa kamar mai magana da kansa. Ya miƙa masa agogon.

Dogo ya karɓa, idonsa ya sauka a kan bandejin.

"Baba, in ba za ka ji haushi ba, in yi wata magana?"

"Ai ka riga ka fara."

"Me zai hana naka ma ya koma dama? Hannun da ba ya ji ba zai gaya maka in an matse shi ba."

Fuskar Baba ta ɗaure. "Shekara arba'in ina gaya wa mutane hagu. Yanzu da furfurata in sake? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaro."

"Haka ne. Amma mu a wajenmu busasshen katako shi ne abin aiki, ɗanye ba ya riƙe ƙusa. Kuma ai ba dokarka ka karya ba. Ai dalilin hagun shi ne a sa agogo inda ba zai ji ciwo ba, inda mai shi zai gani. Hannun ne ya canza, ba dokar ba."

Wani abu mai kama da murmushi ya motsa a gefen bakin Baba mai lafiya.

"To, malamin doka, da wane hannu zan ɗaura? Da haƙori?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Nan kam na tsaya. Zan iya kafa maka turke a hannun kujera wanda zai riƙe agogon. Amma madaurin fata sai da yatsu biyu."

Baba ya ɗago kai. Idanunsa, da suka yi wata huɗu a mace, suka kawo haske.

"Auta!" ya ƙwala kira. "Ɗauko akwatin kayan aikina a ƙarƙashin gado. A aljihu na uku akwai madauri na ƙarfe mai talewa kamar roba. Ki haɗo da hantsaki da gilashin idona. Yi sauri mana!"

Auta ta ruga. Rabon da ta ji wannan muryar tun kafin ciwo.

Suka duƙufa su biyu wajen sauya wa tsohon agogon Baba madauri. Baba ya maƙala gilashin a ido yana ba da umarni, Dogo yana aiki da manyan yatsunsa masu kanta.

"A hankali! Ba ƙofa kake kafawa ba. Danna ɗan fil ɗin ciki. Ba nan ba, can. Wayyo, ka bar shi ya yi tsalle!"

Sau biyu fil ɗin yana tsalle, sau biyu Dogo da Auta suna rarrafe a ƙasa suna nema, Inna tana dariya har da riƙe ciki. A karo na uku ya shiga.

"Yauwa," in ji Baba. "Hannunka yana da hankali."

Dogo ya yanko guntayen katako biyu, ya goge su, ya kafa su tsaye a hannun kujerar na dama, da 'yar tazara a tsakaninsu. Ya tale madaurin ya rataya a kansu, ya zama kamar zobe a buɗe.

"Bismillah, Baba. Ka fara wana shi a nan, sai ka zura hannu ka ɗaga."

Baba ya wana agogon da kansa. Ya zura hannu, ya ɗaga, madaurin ya zame daga turakun ya kama wuyan hannunsa. Ya kawo shi gaban idonsa. 

"Sha biyu da minti goma," ya ce. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai damu da share su ba.

Daidai nan aka turo ƙofa. Yaya ne, ya dawo ɗaukar wata takarda da ya manta. Ya tsaya turus, ya dubi Dogo, ya dubi garin katako a kan kafet.

"Me wannan yake yi a gidan nan? Auta, ashe abin naki ya kai ki shigo da shi ta bayan ido? Jibi fa mutane za su zo! Na riga na ba da baki!"

"Bakin wa ka bayar?" in ji Baba.

Yaya ya daburce. "Baba, ai kai ka ce ba ka son wannan. Kuma ga halin da kake ciki, na ga ni ne babba..."

"Hannuna ne ya mutu, ba ni ba. Na ce ba na son sa, na kuma yi kuskure. Ba ka taɓa jin na faɗi haka ba, to yau ka ji." Ya juya. "Auta, zo nan."

Ta zo ta durƙusa.

"Rannan kin buɗe baki na rufe miki. Yau na buɗe. Wa kike so?"

Kunya ta rufe ta. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan kafet.

"Baba, duk wanda ka sa wa albarka."

"Ba wannan na tambaye ki ba."

 "Shi," ta ce a hankali. "Shi nake so, Baba. Ban taɓa son wani ba."

Dogo ya sunkuya yana tattara ƙusoshi, yana zubar da rabi.

"Kana da manya?" Baba ya tambaye shi.

"Akwai baffana, ƙanin mahaifina."

"Ka ce masa ina son ganinsa ranar Lahadi."

"Baba!" Yaya ya ɗaga murya. "Da wane ido zan kalli Injiniya? Abokina ne tun muna makaranta! Mahaifinsa ya riga ya sanar da dangi! Wallahi in aka kunyata ni haka, ba zan ƙara sa baki a sha'anin gidan nan ba!"

Inna ta dafa ƙirji. Auta ta dubi fuskar Baba a tsorace, tana neman alamar tashin ciwo. Ba ta ga komai ba sai natsuwa.

Wayar Yaya ta ɗauki ƙara a hannunsa. Ya dubi fuskar wayar, gumi ya tsatso masa a goshi.

"Shi ne?" in ji Baba.

Yaya ya gyaɗa kai.

"Yaron kirki ne, bai cancanci ya ji a bakin ɗan aike ba. Kunyar ba taka ba ce, tawa ce, ni na bar gidana ba mai magana." Baba ya gyara zama, ya miƙa hannu. "Kawo nan. Ni zan amsa."